Baturen da Ya Hana Ni Shiga Fili

Kwanakin baya na bi ta inda sansanin kamfanin hanya yake a da, zan je gaisuwar mutuwa, sai na tarar an yanka wurin fuloti-fuloti, masu bulo suna ta kwaɓa siminti. Tsamiyar da ke ƙofar sito ma an sare ta, kututturen kawai ya rage, wani ya ɗora bokitin fenti a kai. Na ce wa yaron da ya ɗauko ni a adaidaita ya tsaya. Na sauka na yi tsaye, ina neman inda ragar ƙwallo take, ina neman tsakiyar fili, ban iya ganewa ba. Da ya gaji da jira sai ya leƙo ya ce, "Baba, fuloti za ka saya ne?" Na ce masa a'a, mu tafi. Tun ranar ban sami sukuni ba. Abin da na binne shekara da shekaru ya taso, kuma wanda zan zauna da shi mu tuna tare babu, duk sun riga ni.

Yanzu daga Bacirawa har ka wuce Ungogo gida ne ke jingine da gida, shago na bin shago. A zamaninmu gona ce ke jingine da gona. Ƙasarmu ba ta da daji. Duk inda ka sa ƙafa da mai shi, kuma ya san iyakarsa da layin gamba ko na lalle. Da rani muna kora jakuna zuwa birni da itace, mu dawo da mangala cike da taki, mu zuba tsibi-tsibi a gona muna jiran ruwa. Ba agogo muke dubawa ba, turmi muke saurare. Da hantsi za ka ji daka ta tashi daga wannan gida, maƙwabta su amsa, har 'yan mata su haɗa lugude suna cilla taɓarya sama suna tafi. In kana gona ka ji dakan yamma ta fara, ka san lokacin saɓa fartanya ya yi. Yau inji ke niƙa wa kowa, ƙarar inji kuwa ba ta gaya maka halin da maƙwabcinka yake ciki.

Ƙwallo ma ba a gidan kallo muka san ta ba, irin yadda jikokina ke zama a benci suna ihu a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Tamaula muke yi da tsumma, mu ɗaure da igiyar rama, mu buga a gona bayan girbi, tushiyar kara tana yanka mana ƙafa. Ban fi kowa gudu ba, ban fi kowa ƙarfi ba, amma Allah ya ba ni abu ɗaya: na san inda tamaular za ta faɗo tun kafin ta faɗo. Babana bai taɓa son abin ba. Yakan ce, "Ƙafar nan amana ce. Ita za ta kai ka gona, ita za ta kai ka masallaci, kai kuwa ka je kana dukan tsumma da ita." Da aka yi mini aure na bar wasan, don mai iyali ba ya tsalle a gaban yara.

Sai ruwa ya ɗauke mana. Shekarar farko muka ce jarrabawa ce, za ta wuce. Muka yi shuka ta bushe, muka sake, gero ya fito ya yi ɗan tsayi ya tsaya, ya yi fari kamar an babbaka shi. Aka fita roƙon ruwa, liman ya juya rigarsa, tsofaffi suna kuka. Hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin har mata suka fito da tukwane, sannan iska ta watsar da shi muna kallo. Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Muka share rumbu har ƙasa. Baba ya sayar da jakin, sannan awakin Inna suka bi. Muka koma kan dusa da tafasa da ganyen rama, in an samu garin rogo ranar ana murna. Na ga dattijai masu mutunci suna tonon gidan tururuwa don 'yar ƙwayar da ta tara. Mutanen arewa suna gangarowa ta hanyarmu, wasu da raƙumi ɗaya, wasu da yara kawai, suna tambayar hanyar birni. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne shirun. Gari guda, hantsi ya ɗaga, ba ka jin turmi ko ɗaya.

A cikin wannan hali aka haifa mini 'yar fari. Sunan Inna aka sa mata, don haka ba mai kiran sunan a gidan, Ummi muke ce mata. Uwarta yarinya ce mai haƙuri, ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana jin yunwa ba, amma jikinta ya faɗa. Kafin Ummi ta fara zama nono ya ƙafe. Za ta kama ta tsotsa, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa, uwar tana juya ta daga wannan zuwa wancan, tana kallon bango.

Ana nan sai Turawan Italiya suka zo da kamfanin hanya, za su shimfiɗa kwalta ta yi arewa. Suka kafa sansani kusa da mu, da tifofi da katafila. Duk namijin da ke iya ɗaga diga ya je ya yi layi. Kaɗan aka ɗauka, ina ciki. Aikin lebura ne, daga safe har la'asar cikin rana, amma ana ba mu abinci da azahar, kuma ƙarshen wata ban da albashi akwai ɗan awon hatsi daga sito. Da wannan gidanmu ya tsaya, da Baba, da Inna, da ƙannena biyu, da matata da jaririya.

Mai kula da siton wani Bature ne gajere mai faɗin ƙirji, kansa ya fara furfura, yana ɗingishi da ƙafar dama, ba ya rabuwa da sanda. Sunansa ya yi mana nauyi a baki, sai muka sa masa Mai Sanda, ya kuma amsa. Ya daɗe a ƙasar nan tare da kamfanin, yana jin Hausa, yana yin ta a karkace, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji, amma ana ganewa. Ban da sito yana da wani aikin. Manajan kamfanin mutum ne mai son a san da shi, ya kafa ƙungiyar ƙwallo ta ma'aikata, duk Lahadi suna karawa da ƙungiyoyin kamfanonin birni, shi da takwarorinsa su zauna a inuwa suna kallo kamar masu 'yan dambe. Mai Sanda ke koyar da ƙungiyar.

Wata rana muna hutun cin abinci, ƙwallonsu ta fata ta gangaro inda nake zaune. Ban taɓa sa ƙafa a kan irinta ba. Na tashi na tare ta, na mayar musu ta sama, ta haure kan gola ta faɗa raga. Mai Sanda ya nuna ni da sandar. "Kai! Zo nan. Sake." Na sake. Ya sa aka jeho mini ta ta hagu, ta dama, ta sama, ina mayarwa. Ya juya ya ce wa shugaban leburori daga yau a riƙa sallamata da wuri.

Aka ba ni takalmi mai ƙusoshi wanda ya ci mini ƙafa har na saba, da riga mai lamba tara a baya, Mai Sanda ya ce lambarsa ce a da. Amma ba rigar ce ta riƙe ni ba. Bayan kowane atisaye ana ba kowane ɗan wasa burodi da gwangwanin madara. Yau madara a leda take a kowane shago, yara suna zuba ta a tafin hannu suna lasa don wasa. A lokacin kuwa gwangwanin nan rai ne. Sauran suna fasa nasu nan take su shanye, ni nakan sa nawa a aljihu. A gida uwarta za ta huda shi da ƙusa, ta ɗiga a ruwan da ta tafasa, ta ba Ummi da ɗan ƙaramin ludayi. Ba a jima ba kumatu suka fito, ta fara dariya, tana kama mini gemu. Mai Sanda ya lura ba na shan tawa, ya tambaye ni, na gaya masa. Daga ranar gwangwani biyu nake tararwa a inda nake ajiye takalmi. Baba da ke cewa ina dukan tsumma ya ga gwangwanaye sun taru a bayan ɗaki. Wata safiya zan fita na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ka kula da ƙafar."

Mai Sanda ne ya koya mini abin da nake yi ban san ina yi ba. Yakan ce, "Kada ka duba gola. Duba inda babu gola." Yakan ce mai cin ƙwallo ɓarawo ne, ya ɓuya a bayan mai tsaron baya har a manta da shi, sannan ya fito. In mun ɓarar haushi ya kama shi, sai ya dogara da sanda, ya sa a gangaro masa ƙwallo, ya doke ta da hagu yana tsaye a wuri ɗaya. Ba ka ganin tafiyarta, ƙarar raga kawai za ka ji. Daga nan zai ciji leɓe ya nemi kujera. Da abin da ya koya mini na yi ta ci, Lahadi bayan Lahadi, har 'yan garinmu suka fara takowa kallo da cikinsu babu komai, don su samu abin ihu.

A gindin tsamiyar nan ya ba ni labarinsa, guntu-guntu, rana daban-daban. Ɗan ƙauye ne shi ma, a kan duwatsu, ubansa mai fasa dutse. Yana yaro aka yi babban yaƙi, suka ci ciyawa da 'ya'yan itacen daji da ake niƙawa a yi gari. Ya ce shi ya sa da ya ga idanunmu a layin neman aiki ya san abin da ke ciki. Yana saurayi wani mutum ya gan shi yana wasa a dandali, ya kai shi babban birni, can ya zama ɗan wasan gaba. Ya ce filin ya fi filin idi cika, in ya ci ƙwallo ihun jama'a har a haƙoransa yake ji. Jaridu suna buga hotonsa. Ya saya wa uwarsa gida mai famfo a ciki. Sai wata rana wani mai tsaron baya ya shigo masa ta gefe da ƙafa biyu. Likitan ƙungiya ya ce ba komai, ya yi masa allura a gwiwar, zafin ya ɗauke, ya koma fili. Mako mai zuwa aka sake. Haka aka yi ta yi har shekaru, yana gudu a kan ƙafar da ba ya ji, ita kuwa tana cinyewa daga ciki. Da ta ƙi allurar ma, babbar ƙungiyar ta sayar da shi ga ƙarama, ƙaramar ta miƙa shi ga wadda ba ta kai ta ba, har ranar da ba wanda ya neme shi. Bai tsufa ba, bai kuma iya wata sana'a ba. Wani da ya taɓa yi masa tafi ne ya samo masa aikin sito a ƙasar da ba a san shi ba. "Gara nan," ya ce. "Can kowa yana duba ni, yana cewa, wayyo, shi ne wannan?" Na saurare shi, na tausaya masa, amma a raina ina cewa, ko ba komai ka saya wa uwarka gida.

Kwalta ta wuce garinmu ta yi nisa. Aka fara raɗe-raɗin za a rage leburori, a ɗauki wasu a gaba inda aikin ya kai, sannan magana ta tabbata: ƙarshen wata za a sallami duk mutanen yankinmu. 'Yan ƙwallo kaɗai aka bari, don akwai babban wasa da ƙungiyar wani kamfanin birni wanda manajansa da namu ba sa shiri. Manaja ya ce in mun ci, ƙungiya za ta bi kamfani duk inda ya je.

Da wasan ya matso sai na ji ciwo, kuma ba ma a fili ba. Muna sauke siminti daga tifa, na diro da buhu a kafaɗa, ƙafata ta dama ta faɗa rami, gwiwar ta juya. Na ji ƙara a ciki kamar an karya ɗanyen kara. Na miƙe na ci gaba da aiki don kada a gani. Kafin in isa gida ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Maɗorin garinmu ya taɓa ya ce ƙashi lafiya, jijiya ce, ya shafa magani ya ɗaure, ya ce in kwanta kada in taka ta. Na yi dariya. Da ya tafi, matata tana tsaye a bakin ƙofa da Ummi a kafaɗa, ta ce, "Malam, ka gaya wa Baturen gaskiya." Na ce, "In na gaya masa, ke me za ki ba ta?" Ta sunkuyar da kai.

Washegari na ɗaure gwiwar tamau da tsumma a ƙarƙashin wando, na taka zuwa fili ina cije haƙora, ina tafiya a miƙe kamar soja. Ko rigar ban sa ba Mai Sanda ya kira ni.

"Ɗaga wando."

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Maigida."

"Ni na yi wannan tafiya. Shekara da yawa na yi ta. Ɗaga."

Ya sa hannu ya kama gwiwar, ya ja ƙwaurin gaba, ya tura baya. Sai da na ga wuta. Ya saki ya ce, "Ba wasa. In ka huta, ta warke. In ka yi gudu a kanta yanzu, ta tafi, ba ta dawowa."

Ban taɓa durƙusa wa kowa ba in ba iyayena ba. Ranar na durƙusa, da gwiwa ɗaya, don ɗayar ta ƙi lanƙwasuwa. Na ce, "Maigida, ka san abin da ke gidana. Kai ka ƙara mini madarar da hannunka. Wasa ɗaya ne. Ka bar ni in shiga, in na ci ɗaya ka fitar da ni. In ƙafar ta tafi, tawa ce, ba ta kowa ba."

Ya ce, "Haka na ce. Daidai haka na ce." Ya naɗe wandonsa ya nuna mini. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Ba gwiwa ba ce, dunƙulen nama ne da ɗinki ta ko'ina, ta karkace waje. Ya ce, "Ni ina da sito. Kai gona kake da ita. Gurgu yana noma?"

Na ce, "Wace gona? Ina ruwan?"

"Ruwa zai dawo."

"Yarinyar za ta jira shi?"

Ya ce zai yi wa manaja magana a ba ni gadi, in zauna a ƙofar sito, ba gudu ba ɗaukar kaya. Amma ni na ga yadda alkawari ke bushewa a shekarun nan, kamar shuka. Na wuce shi na tafi wurin manaja da kaina, abin da lebura ba ya yi. Akawu ya fassara. Manaja ya dube ni, ya dubi ƙafar, ya yi murmushi ya ce ƙaramin abu ne, akwai allura.

Ranar wasan aka kai ni ɗakin shan magani na sansani. Malamin asibitin ya fasa 'yar kwalba ya zuƙe ta a sirinji. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar allurar nan ba. Na hau gado na naɗe wando da kaina, ina jin hayaniyar jama'a daga fili, ina jin muryoyin 'yan garinmu suna kiran sunana. Sai aka banko ƙofa. Mai Sanda ne, manaja na biye da shi. Mai Sanda ya ɗaga sandar ya doke farantin kayan allurar, sirinji da kwalabe suka tarwatse a ƙasa. Suka kaure da manaja da yarensu kamar za su daku, fuskar manaja ta yi ja, jijiyar wuyan Mai Sanda ta tashi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ga ya ciro makullan sito ya jefa a gaban manaja. Manaja ya dubi makullan, ya tofa wata magana, ya fice.

Na sauko daga gadon na cakumi rigar Mai Sanda da hannu biyu. Na ce, "Ka kashe ni! Ka kashe mini 'ya! Allah ya isa tsakanina da kai!" Ya bar ni ina girgiza shi, bai ture ni ba. Da na gaji ya ce, "Zage ni. Amma da ƙafa biyu za ka zage ni."

Aka ci mu. Ina zaune a bakin fili ina ganin ƙwallo tana gitta gaban ragarsu, tana faɗowa a daidai inda da ina ciki zan kasance, ba kowa a wurin. Manaja ya tashi tun kafin a busa usur. Aka rushe ƙungiyar, aka karɓe takalma da riguna, aka sallame mu tare da sauran. Maganar gadi ko tashi ba ta yi ba, don manaja ya daina sauraron Mai Sanda, ya tura shi sabon sansani can gaba da nisa. Abokan wasana da suka rasa aiki saboda ƙafata, wasunsu sun daɗe ba sa amsa sallamata.

Kafin Mai Sanda ya tafi ya aiko direba da rabin buhun shinkafa da kwalin madara. Amma gidanmu da baki da yawa, ga yaran maƙwabta da ke tsayawa a ƙofa in an ɗora tukunya, Inna kuwa ba ta iya korar yaro ba. Shinkafar ta ƙare. Madarar muka yi ta ja, ana ƙara ruwa, ana ƙara ruwa, har ta zama ruwa ne mai ɗan fari. Ni ina kwance a zaure, ƙafa a miƙe, ƙato da ni, ina sauraron kukan 'yata. Da farko da ƙarfi take yi, har in toshe kunne. Daga baya ya koma kamar na 'yar mage, sai na riƙa kasa kunne ina neman sa. Na yunƙura zan tafi birni in yi dako, ban kai bakin kwalta ba na faɗi, ƙanena ya dawo da ni a kafaɗa.

Da zafin bazara ƙyanda ta shigo gari ta bi gida-gida. Yaran da ke da ɗan jiki sun tashi. Ummi ba ta da abin da za ta yi faɗa da shi. Da hantsi ta cika, a cinyar uwarta. Uwar ba ta yi kuka ba, 'yar farinta ce, kunya ta hana ta. Ta miƙa wa Inna ita, ta shiga ɗaki ta kwanta. Baba ne ya ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta, ko makara ba a nema ba. Na bi su a baya ina dogara kara.

Na sha juya abin a raina. Da na shiga, da na ci, da ƙungiya ta bi kamfani, da madara ba ta yanke ba. Ko kuwa da na faɗi tun a gudun farko, a ci mu duk da haka, in dawo gida gurgu, ƙyandar kuma ta zo ta ɗauke ta. Malamai sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani, amma imani bai hana zuciya juye-juye ba. Na yi noma da ƙafar nan har na tsufa, na ciyar da 'ya'ya da ita, na aurar da su. Ko sau ɗaya ban sake dukan ƙwallo da ita ba.

Sau ɗaya na sake ganin Mai Sanda. Bayan sadakar arba'in ne, ruwan farko ya sauka, ƙasa tana ƙamshi. Direban nan ne ya kai masa labari. Da la'asar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, yara suka taru. Ya fito ya rame, hula a hannu. Ina ganinsa na tashi zan shige gida, Baba ya ce, "Zauna. Baƙo ne." Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure. Ƙanena zai nemo masa abin zama mai tudu, ya ce a'a, yadda ake yi zai yi. Ya daɗe yana sauka, ya dafa bango, ya miƙe ƙafar gaba, sannan ya faɗi zaune kamar buhu.

Ya ce wa Baba, "Ya haƙuri?" Baba ya ce, "Da godiya." Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ce," yana tuntuɓe a kan kalmomin, ka san a hanya ya koye su. Baba ya ce amin. Ya juyo gare ni, na kafe ido a ƙasa. Ya ce, "Na ɗauka ruwa zai riga zuwa. Ban zo in ce na yi daidai ba. Ban sani ba." Can sai ga ƙanena ya fito daga cikin gida da ruwa a kwanon jere wanda ba a taɓa sha a cikinsa ba. Matata ce ta aiko. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye.

Da zai tafi ya dafa sanda ya yunƙura, ya koma. Ya sake, sandar ta zame a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya koma zaune. Yara suka fara dariya, Baba ya daka musu tsawa. Direba ya tafi juya mota, Baba kuwa tsoho ne, ba zai iya ba. Baba ya dube ni ya ce, "Kama masa." Ban motsa ba. Ya ce, "Da kai nake."

Na tashi. Na sunkuya na sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa, na ji warin taba da gumi. Mutum ne mai nauyi duk da ramar. Ba tare da na yi tunani ba na kafa ƙafar dama a ƙasa, na ɗaga. Nauyina da nasa duka suka hau kan gwiwar. Na jira zafin. Bai zo ba. Ta riƙe mu, mu biyu.

Shi ma ya ji. Ya dubi ƙafar, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce, "Kada ka ce komai." Na kai shi har mota, na ɗaga masa gurguwar ƙafar na sa a ciki da hannuna, na rufe ƙofa.

Motar ta tafi, yara suka bi ta a guje. Baba ya naɗe tabarma, ya shiga zaure ya fito da sungumi ya miƙo mini. Ya ce, "Duba ƙotar nan, ta yi sako-sako. Gobe shuka."